Garmar Jaki da Takun Mai Gona

Gidanmu gidan ƙira ne, a wani ƙauye kusa da Dogarawa, kuma ƙirar ce ta kai ni lakwal, wato makarantar boko. Da aka aiko wa mai gari ya ba da yara, bai taɓa 'ya'yansa ba, bai taɓa na liman ba, sai ya leƙo maƙera. Mu biyu ne maza a wurin babanmu. Yayana ya riga ya iya riƙe masaba, ba a iya rabuwa da shi. Ni kuwa ban iya komai ba sai ɓarnar gawayi, don haka aka miƙa ni. Bayan shekaru na fito da Faransanci a bakina, na sami aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, ina yawon ƙauyuka da akwatin ɗaukar magana da muke ce wa manyeto. Yayana ya gaji uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, wadda kakanmu ya kafa a gindin aduwar ƙofar gida. Tun da na fara aiki bai sake kirana da sunana ba. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal, kuma ba don girmamawa ba.

A gidan rediyo an koya mini abu ɗaya da na riƙe har yau: abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Da wannan horon zan ba da labarin nan, ko da yake duk lokacin da na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai. Hukuma ta kawo garmar shanu daga waje, ƙatuwa, mai koren fenti, wadda sai bijimai biyu ke iya ja. A ƙauyenmu masu bijimai biyu ba su da yawa, su ma shanunsu suna hannun Fulani can daji. Amma jaki kusan kowane gida da shi. Kuma gonakinmu jigawa ne, rairayi, ba huɗa suke nema ba. Wahalarmu noma ce. Ruwan shuka ya sauka, hatsi ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, kafin mutum ya gama wannan kusurwa da hauya, waccan ta riga ta rufe.

Yayana ya zauna ya ƙera abin da zai yi wannan aikin. Ya riƙa tsintar karyayyen ƙarfen sifirin na ƙarƙashin manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, ya miƙe shi a wuta, ya yi wata 'yar garma mara nauyi mai bakuna uku, kowane baki kamar na ƙaramar hauya, da mariƙin itace. Jaki ɗaya ke jan ta a tsakanin layukan hatsi, tana yanke ciyawa a ƙarƙashin ƙasa. Mutum zai iya saɓa ta a kafaɗa ya tafi gona. Sau uku ya lalata ta yana sakewa kafin ta yi masa yadda yake so.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake auna ta. A wurinmu ba da igiya ake shuka ba. Mai gona ne ke gaba da sungumi, kowane taku ya sari rami. In ya kai ƙarshen gona ya yi taku ɗaya gefe ya juyo, iyalinsa na bin sa suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ke nan faɗin da ke tsakanin layi da layi takun mai gona ne. Gonar dogo layinta da faɗi, gonar gajere a matse. Saboda haka duk wanda ya zo neman garma, Yayana sai ya share rairayin gaban maƙera, ya ce masa ya yi tafiya kamar yana shuka. Ya ɗauki karan hatsi ya auna tsakanin sawu da sawu, ya yanke karan, ya yi masa alama, ya soke shi a rufin rumfa. Da wannan karan zai ƙera garmar mutumin.

Wata rana da rani na zo gida da manyeto, na tarar ana auna taubashinmu, ɗan ƙanen Inna, mutum gajere mai baki. Ya ga ina ɗaukar magana, sai ya buɗe ƙafa yana taku kamar raƙumi.

"Koma ka sake," in ji Yayana. "Wanga taku na aro na."

"Kai dai auna, maƙeri. Ƙafar tawa ta ko taka?"

"Taka ta, shi ya sa na san iyakarta. In na ƙera maka da wanga awo, jakinka shi kwashe hatsin shi bar maka haki, ka zo kana zagina cikin kasuwa."

"Mushe, kana ji? Ka sa a rediyo, duniya ta ji maƙeri na raina manomi."

"Zan sa," na ce, "har da tsawon karan."

Ya koma ya yi takunsa na gaskiya. Karansa ne ya fi kowanne gajarta a rufin rumfar, kuma har ya mutu ana yi masa tsiya da shi.

Na kai zaren da na ɗauki maganar a kai gidan rediyo, aka watsa hirar. Mutane suka fara zuwa daga Bazaga, daga ƙauyukan Illela, wasu da jakinsu a hannu. Da a nan na tsaya, da ban yi wa kowa laifi ba. Amma ni ɗan lakwal ne. A ganina a lokacin, abin da ba a rubuta a takarda ba bai gama zama abu ba. Na ce wa Yayana mu kai garmar buro, wato ofishin hukuma da ke kula da kayan noma. Ba zan faɗi sunan buron ba, ya ma sha canza suna tun daga lokacin.

"Mi za su yi min?" in ji shi.

"Su san da kai. Su ba ka ƙarfe mai kyau, ka bar tsintar sifirin a bakin hanya. Wata rana ma a ce duk ƙasar nan garmarka ake ja."

Inna tana tsakar gida tana sheƙar hatsi, ta ɗago kai. "Sun kira shi?"

"Ba su kira shi ba, Inna."

"To ku bar shi inda yake."

Ban bar shi ba. Na bi gida-gida na aro garma biyar daga hannun masu su, har da ta taubashi, na ce kwana biyu kawai. Na zaɓi biyar don a ga ba sa'a aka yi sau ɗaya ba. Muka loda su a amalanke muka nufi Konni.

Shugaban buron ɗan ƙasarmu ne, ya yi karatun aikin gona a waje. Ba mugu ba ne, wannan dole in faɗa. Ya tashi ya gaisa da mu da Hausa, ya sa aka kawo ruwa. Da aka zo maganar aiki sai ya juya zuwa Faransanci, ya dube ni. Na gane nufinsa. Na tsaya tsakanin Hausawa biyu ina yi musu tafinta.

Aka jera garmunan a farfajiya. Ya zagaya su, ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta, ya shafa bakin da yatsa, na ga alamar sun burge shi. Sai ya ciro zaren awo daga aljihu. Ya auna ta farko ya rubuta. Ya auna ta biyu, ya ɗan tsaya. Kafin ya kai ta biyar fuskarsa ta canza. Garma biyar, awo biyar.

"Wacce ce ta daidai?" ya tambaya.

Na juya wa Yayana tambayar da Hausa.

"Ka ce ma ranka-shi-daɗe duka daidai suke. Wagga ta dogo ta, wagga ta gajere."

Na fassara, na kuma yi bayanin sungumi da taku da kara, a hankali, da Faransancin da ya fi kowanne tsabta a bakina. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce abin da yake ƙoƙarin kashewa ke nan. Manomi ne zai koyi shuka da igiya, layi da layi awo ɗaya a duk ƙasa, kayan aiki ba za su bi jahilcin manomi ba. Ya ɗauko takardar da ake cikewa ya nuna mini. Gurbi ɗaya ne aka bar wa faɗin garma.

"A rubuta gwargwadon takun mai gona," na ce.

Ya yi dariya, ba ta raini ba, ta abokin karatu. "Gurbin lamba ne, abokina."

Ya ce duk da haka zai taimaka. Za a haɗa dosiye, wato tarin takardun neman izini, a aika Tawa, daga can a aika Yamai, masana su gwada garmar su ba da amsa. Na ji daɗi har na fara godiya. Sai ya ci gaba. Kafin amsa ta zo, a jira. Kada a sake ƙera ko ɗaya, domin tun da abin ya fita a rediyo mutane sun ɗauka hukuma ce ta yarda da shi. Manomin da aka gani da ita ba za a ba shi irin da hukuma ke rabawa ba. Sifirin ɗin da ake tsinta a hanya kuma na motocin hukuma ne, ko ya karye nata ne. Garmunan nan biyar za su zauna a buro, domin sun shiga cikin dosiye.

Na fassara duka, ba ƙari ba ragi. Da muka fito bakin titi da amalanke ba kaya, Yayana ya dube ni.

"Mushe, shi wanga mutum Bahaushe na?"

"Bahaushe ne."

"To mi ya hana shi gaya min da bakinai?"

Na ci gaba da tafiya. Ya ce, "Kuma mutum biyar ɗin ga, kai za ka gaya musu, ko ni?"

Shi ya gaya musu. Ni na koma Yamai bakin aiki.

Ruwa ya kusa sauka, mutum biyar ba su da garma, kuma a hannunsa suka san ta. Yayana bai yi shawara da kowa ba, ya zaro karansu daga rufin rumfa ya sake ƙera musu. Bai ɓoye ba, ƙarar masaba ba ta ɓoyuwa a ƙauye. Malamin gona da ke zagaya ƙauyukanmu a kan keke ya gani, aikinsa ne ya rubuta, ya rubuta. Jandarma biyu suka zo suka kwashe ragowar sifirin. Aka kira Yayana Konni ana tsakiyar noman farko, lokacin da kowane manomi ke kawo hauya gyara. Ba a ɗaure shi ba, ba a zage shi ba. An ce ya zauna a gindin itace a gaban buro har a neme shi. Ya yi yini biyu a zaune. A na uku aka ce ya tafi, kada ya sake.

Damina ta wuce, wata ta zo. Duk lokacin da aiki ya biyo da ni Konni sai na leƙa buron, a ce mini dosiye yana hanya. Daga baya na bi sawunsa da kaina a Yamai, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har na same shi. An ba da amsa tun da daɗewa, layi biyu: ba za a iya gwada garma ba sai an ga garmar. Takardu ne kawai aka aiko. Na dawo Konni na zagaya bayan buron, na tarar da huɗu daga cikin biyar ɗin a jingine da bango, tsatsa ta cinye bakunan, gara ta shiga mariƙan. Mai gadi ya ce mini an rasa motar da za ta ɗauke su, domin ba a rubuta su cikin kayan da mota ke ɗauka ba. Ta taubashi ce kawai ke da aiki. Da ita ake tokare ƙofar sito.

Na je gida na gaya wa Yayana yadda na gani, taubashi yana wurin. Ina tsammanin zai yi faɗa. Sai ya ce, "To," ya ci gaba da dukan wata lauje.

Bayan an kai hatsi rumbu, wata safiya ya ɗauko magirbi ya fara tone gindin uwar maƙera. Inna ta fito da sauri, zanenta a hannu.

"Mi kaka yi? Ubanku bai taɓa ɗaga ta ba, ko shekarar yunwa."

"Inna, damina biyu ke nan ban ƙera abin da nike so ba. Lauje da wuƙa nike yi, kamar mai koyo."

"Ka yi haƙuri, amsa za ta zo. Ko ba haka ba, kai mai rediyo?"

Ta dube ni. Da na ce mata haka ne, da wataƙila ya ƙara shekara. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Mutum huɗu suka ɗaga ƙarfen suka aza a amalanke. Taubashi yana cikinsu, yana nishi yana cewa, "Kai maƙeri, ka bar mu da wa? Mushe za shi gyara mana hauya da Faransanci?" Ba wanda ya yi dariya. Yayana ya kama hanyar kudu da matarsa da zuga-zuginsa, zuwa wani garin kasuwa a ƙasar Sakkwato inda dangin Inna suke. Tafiyar yini ce a kan jaki. Karan awo ya bar su a rufin rumfa.

Sai bayan shekara na kai masa ziyara. Na tarar da shi a wata rumfar kwano kusa da tashar mota, cikin hayaniya da hayaƙi. Ba zan ce na tarar da aljanna ba. Tun kafin in zauna ya fara ƙorafi. Maƙera uku a layinsa sun kwaikwayi garmarsa cikin wata guda, ɗaya ma yana cewa shi ya ƙago ta. Masu karɓar harajin kasuwa ba sa ɗaga masa ƙafa. Ba wanda ya ba shi ko ƙusa kyauta. Amma masu sayar da tsohon ƙarfe har rumfa suke kawo masa, ya zaɓa ya bar musu sauran. Kuma tun da ya zo ba wanda ya tambaye shi takarda kafin ya hura wuta.

Ya jawo wata garma ya ajiye a gabana. Bakuna uku ne kamar da, sai dai ƙarfen da ke riƙe su yana da jerin huji, kowane baki an ɗaure shi da ƙusa mai zarewa.

"Wani ɗan kasuwa yaz zo," in ji shi, "yac ce shina son guda goma shi kai kasuwannin ƙauye. Nic ce shi kawo min masu gonar in auna. Yac ce, 'Malam maƙeri, in ɗauko maka ƙauye guda a mota don su yi maka tattaki? Yi min wadda za ta shiga gonar kowa, in ba ka iyawa in tafi wurin maƙwabcinka.' Na zage shi, Mushe. Na kwana uku ina zagin shi. Ran na huɗu na yi wagga."

Ya zare ƙusa, ya matso da baki ɗaya ciki, ya mayar. "Ga ta taubashi." Ya sake zarewa ya buɗe. "Ga ta liman."

Na daɗe ina kallon hujin nan. Abin da shugaban buro ya gani a Konni shi ne abin da ɗan kasuwan nan ya gani: garmar ba ta da awo ɗaya. Dukansu sun yi gaskiya. Ɗaya ya ce a dakata har masana su duba. Ɗayan ya ce a gyara kafin ranar kasuwa, in ba haka ba ya tafi wurin wani. Maƙerin ɗaya ne, hannunsa ɗaya, kansa ɗaya.

Na sha jin masu ilimi suna tattauna abin da ya sa mutanen tsallaken iyaka suka fi mu ƙirƙira da neman na kai. Wasu su ce jini ne, wasu su ce yawan jama'a, wasu su ce mu mun fi son hutu. Yawan jama'a gaskiya ne, kasuwarsu ta fi tamu girma, tsohon ƙarfe ya fi yawa. Amma jini? Iyakar nan ta ratsa ta tsakiyar dangin Inna ne. Harshe ɗaya, salla ɗaya, ruwan da ya jiƙa gonarsu shi ke ƙarasowa tamu. Abin da na gani da idona shi ne wannan: a wajenmu an tsara abubuwa ta yadda duk sabon abu laifi ne har sai an ba shi izini, kuma mai ba da izinin ba abin da zai same shi in ya ƙi bayarwa, sai in ya bayar abin ya lalace. Don haka mai hankali a buro jira yake sa mutane. Yaran da suka fi kaifin kai kuma an kwashe mu an kai lakwal, an koya mana cewa ƙarshen ilimi shi ne mutum ya zauna a bayan tebur yana cewa a jira. Ni ma abin da na koya ke nan. Ba wanda ya zo daga buro neman Yayana. Ni na ɗauke shi na kai.

Sai shekarun fari suka zo. Shanu suka mutu, garmunan koren fenti suka zauna a bayan gidaje kaji na kwana a kansu. Jakai kuwa suka rayu. Da ruwa ya dawo sai hukuma ta tuna da jaki. Aka shirya taron manoma a Illela ta ƙasarmu ranar kasuwa, aka aiko ni in ɗauki magana in kuma yi tafinta. Babban baƙo shi ne shugaban buron nan, an ƙara masa girma, furfura ta fara fito masa. Mutanen ƙauyenmu sun zo cin kasuwa, suna cikin taron.

Ana cikin jawabi ya yi alama aka kawo wani abu a nannaɗe cikin buhu. Ya ce a wata kasuwa ta tsallaken iyaka ya gan shi, ya saya da kansa don ya nuna mana. Aka buɗe. Bakuna uku, jerin huji, ƙusa mai zarewa. A gindin mariƙin akwai ɗigo uku da zane ɗaya, alamar da babanmu ke yi wa hauyarsa.

Ya ɗaga ta sama ya yi magana da Faransanci, ya tsaya, ya miƙo mini lasifika. Na faɗa da Hausa, kalma bayan kalma: "Ku dubi abin da maƙwabtanmu ke yi. Dubi dabara: garma ɗaya, ta shiga kowace irin gona. Can mutum ba ya jiran gwamnati. Mu nan sai mu naɗe hannu muna jira a kawo mana. Ba ƙarfe muka rasa ba, ba jaki muka rasa ba. Himma muka rasa."

Muryata ba ta yi rawa ba. An hore ni da kyau.

Daga cikin taron sai na ji wata murya da na sani. Taubashi ne, ya hau kan wani buhun wake don a gan shi.

"Mushe! Tambayi ranka-shi-daɗe, garmata da yar riƙe a buro, ta gama karatun nata? In ta gama a sallamo ta, ƙofar sito ta nemi wani mai gadi!"

Mutanen ƙauyenmu suka fashe da dariya, sauran taron suka bi su ba tare da sun san dalili ba. Babban baƙo ya ji Hausar sarai, amma ya juyo ya tambaye ni da Faransanci me mutumin ya ce. Na fassara masa, shi ma ba ƙari ba ragi.

Da aka watse na same shi a gindin mota. Na tuna masa da garma biyar da zaren awo. Na nuna masa ɗigo uku da zane. Na ce wanda ya ƙera wannan shi ne wanda ya yini biyu a gindin itace a gaban buronsa. Ya juya garmar a hannu. Ina jira ya ji kunya, ko ya yi fushi, ko ya musa. Sai fuskarsa ta washe.

"Ashe ɗanmu ne! Ai wannan abin alfahari ne. Ka ce masa ya dawo gida. Ya haɗa dosiye, ni da kaina zan sa hannu a aika Yamai."

Da gaske yake. Na dube shi na ga ba wasa a idonsa, taimako yake nufi. Cikin duk abin da ya faru, wannan ne har yau ya fi ci mini rai.

Saƙo saƙo ne, na kai. Na tarar da Yayana da jan ƙarfe a awartaki, mutum biyu na tsaye suna jiran kaya. Na gaya masa yadda aka ce, da dosiye da sa hannu da komai. Bai ajiye masaba ba. Ya doki ƙarfen har ya huce, ya mayar da shi cikin wuta, ya nuna mini zuga-zugi da haɓa. Na naɗe hannun riga na kama.

"Ka ce mai na ji, na gode," in ji shi. "Ka ce mai ina da aiki a hannu. Shi jira."

Uwar maƙera ba ta dawo ba. Inna ta yi shekara biyu tana share gindin aduwa kowace safiya, sannan ta ɗaure kayanta ta bi ɗanta. Mutanen ƙauyenmu suka koma tsallaka iyaka in suna son garmar jaki, su tsaya a gaban 'yan duwan, wato kwastan, su yi bayanin inda suka samo ta. Da rumfar ƙofar gida ta fara zubewa na je na zare karan awon daga rufinta, na ɗaure su da igiya na kawo gidana. Alamomin sun goge, ban san na wane da wane ba ne, sai guda ɗaya, mafi gajarta.